Kiran da Sama Ta Haɗiye

Ranar da na sauka a ƙasar mutanen nan, ban kai ga shan ruwansu ba aka raba ni da rediyona. Ƙasar ba sai na faɗi sunanta ba, don yau ko ka buɗe taswira ba za ka same ta ba, ta tsattsage gida gida, kowane yanki da tutarsa. A lokacin dai ƙasa ce guda, mai duwatsu da sanyi, tana cikin ƙasashen da gwamnatinmu ta riƙa kwasar samari tana turawa koyon aikin hannu, sa'ad da arzikin fetur ya yi yawa har ya rasa inda za shi. Ni aka ce in koyo aikin na'urorin sadarwa. Daga Babban Duhu na fito, ta ƙasar Safana, kuma kafin wannan tafiya iyakata Kaduna.

Rediyon Kawu Bello ne ya sayo mini a Katsina, mai rigar fata da maɗauri, ya ce in riƙa jin gida da shi. A tashar jirgin ƙasa ta babban birninsu ina tsaye, na rataya shi a kafaɗa kamar wani ɗan kasuwa, sai ga wani mutum da hula mai baki da jar igiya a hannun riga. Ya nuna rediyon, ya yi ta zuba magana, ya haɗe fuska. Na fahimci dai hukuma ce, kuma sai an duba kayan. Na miƙa masa da hannu biyu, har da rusunawa. Ya shige wata ƙofa, ya yi mini alamar in jira. Na jira har ƙafafuna suka yi tsami. Da na gaji na tura ƙofar, sai na ga ashe ba ofis ba ne, hanya ce da ta ɓulle titi. Baƙo makaho ne ko da idanunsa. Har yau ba satar ce take ba ni haushi ba, rusunawar nan da na yi wa ɓarawo ita ce take tsaya mini a wuya.

Wani zai ce rediyo ne kawai, me aka yi aka yi rediyo? To, sai na bayyana yadda nake da gida. Ni ɗan fari ne. Mutanenmu makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, kuma kunyar ɗan fari a wurinsu ba abin wasa ba ce. Ana yaye ni aka kai ni wurin Goggo a Darini, ita ta rene ni. Innata da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. In ta kama dole ta ambace ni, sai ta ce "wancan" ko "yaron Goggo". Ba ta duban fuskata, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana da saƙo, sai ta faɗa wa ƙanwata Hansai da ƙarfi ina tsaye a wurin, Hansai kuma ta juyo ta maimaita mini, mu duka mu yi kamar ban ji na farko ba. Ban taɓa ɗaukar haka ƙiyayya ba, don na san duk nonon da ya fi kauri ni ake aika wa. Amma wasiƙa ba ta iya rubutawa, ko ta iya ma ba za ta rubuto mini ba. Abin da nake da shi na gida shi ne muryoyin mutane irinta a cikin akwatin nan, shi kuwa ga shi ya bi mai jar igiya.

Zangon farko a babban birni muka yi shi, ana koya mana harshensu. Can da sauƙi, don muna da yawa, muna dafa shinkafa a ɗaki muna gulmar malamai da Hausa. Da aka zo raba mu wuraren koyon aiki, masu baki suka yi ta gardama, kowa ya samu birni, wasu har bakin teku, biyu biyu ko uku uku. Aka rage wuri guda da ba mai so, wata tasha a kan dutse. Jami'in ya duba ya ga wanda bai ce uffan ba, ya miƙo mini. An koya mini tun ina yaro cewa ba a musu da babba, sai ga shi ladabin ya kai ni inda ko tsuntsu sai ya yi shawara kafin ya je.

Jirgin ƙasa ya ajiye ni, wata tsohuwar bas ta ɗauka, ta yi ta nishi tana hawa har ta tsaya a wani ƙauye da ke cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi kamar gindin tukunya. Gidajensu na dutse ne, an jera an ɗora, da rufin katako mai nauyi. Nan aka nema mini masauki wurin wata tsohuwa mai suna Milka, mijinta ya mutu, 'ya'yanta sun tafi ci rani wata ƙasa. Yaran garin suka biyo ni har ƙofar gida. Wani ya shafi hannuna ya duba yatsansa. Ban ji haushi ba, mu ma abin da muka yi wa Baturen allurar shanu ke nan.

Milka ƙarama ce, kullum cikin baƙaƙen kaya. Ranar farko ta kawo mini nama, na sunsuna na gane na alade ne, na ture kwanon a hankali. Ta tsaya tana kallona, ta ɗauke kwanon. Na ce shi ke nan, na ɓata da uwar ɗakina tun ba a je ko'ina ba. Washegari sai ga ta da sabuwar tukunya, ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta nuna tukunyar ta nuna ni. Har na bar gidan nan ba a taɓa dafa wani abu a ciki ba sai nawa. Ni kuma da na ga tana fama da tatsar awakinta da yatsu masu ciwo, na karɓi bokitin. Ɗan makiyayi ai ba a koya masa tatsa. Ta riƙe baki tana dariya, ta kira maƙwabta su zo su ga injiniya a gindin akuya.

Awakin nan su ne abokan hirata. Da su nake Hausa, in abin ya motsa in yi musu Fulatanci. Akwai wata mai taurin kai da na sa wa suna Hansai. Kewa kuwa na sha ta. Ba wanda zai tambaye ka ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina dabbobi, har ka gaji da amsawa. Gaisuwarsu kalma guda ce, a jefa maka a wuce. Juma'a ta zo ta wuce ba kiran salla, in tsaya ni kaɗai in yi azahar, ni ne liman ni ne mamu. Wata rana na kama kaina ina gaida kaina a madubi, ina amsawa da "lafiya lau". Na zauna a bakin gado na yi kuka, ƙato da ni.

Tashar tana can saman dutse, ɗakuna biyu da dogayen turaku da wayoyi a shimfiɗe tsakaninsu. Mai kula da ita wata dakta ce, Zora, doguwa, furfura ta cinye kanta, tana shan taba kamar da gayya. Ranar farko ta tambaye ni ko na san abin da ya sa ake jin rediyon wata ƙasa a wata ƙasa, alhali duniya a dunƙule take. Na ce ikon Allah. Ta ce ba ta musa ba, amma ikon yana da hanya.

Ta ce can sama, nesa da inda gajimare da jirage suke kaiwa, akwai wani shimfiɗi na iska mai ɗauke da lantarki, hasken rana ne yake hura shi. Masana suna kiransa ayonosfiya. Ni dai rumfar sama na sa masa, don na fi gane haka. In gidan rediyo ya jefa magana sama, sai ta bugi rumfar ta dawo ƙasa can wata uwa duniya. Na ce ashe da gaskiyar masu cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Aikin tashar shi ne auna rumfar. Na'urarmu tana harba ƙara sama, ta saurari dawowarta, kamar yadda muke ihu a gindin dutse muna yara mu ji ya amsa. Daga jinkirin amsar ake sanin tsawon rumfar da kaurinta. Amsar tana fitowa a fim, ni nake wankewa, ni nake gyaran wayoyi in iska ta tsinka.

Sai daga baya na gane abin da ya kawo mace irinta wannan ƙurmus. Ƙasarsu ƙasar girgiza ce, kowane tsoho yana da labarin gidan da ya taɓa rushe masa. Ita kuwa tana da wani zato, wai kafin babbar girgiza, duwatsun ƙarƙashin ƙasa in sun matsu suna fitar da wani abu da yake tashi har ya hargitsa rumfar sama. Wato sama tana riga mutane jin ciwon ƙasa. Ba ta taɓa cewa ta tabbatar ba. Ta ce matsalar ita ce rana ma tana hargitsa rumfar, sauyin yanayi ma haka, to ta yaya za ka bambanta? Shekarun baya ta taɓa ganin alama ta gargaɗi wani gari, mutane suka kwana a fili cikin ƙanƙara, tsofaffi suka kamu da ciwon haƙarƙari, ƙasa kuwa ko tari ba ta yi ba. Manyanta suka yi mata dariya, suka turo ta nan. Mu biyu dai duk turo mu aka yi.

Ita ce ta ga ina ramewa ta tambaye ni. Na ba ta labarin mai jar igiya. Ta zage shi da wata kalma da ba a koya mana a aji ba, ta jawo wani akwati cike da tarkacen tsofaffin na'urori, ta ce, "Ba sadarwa ka zo koyo ba? Ga jarrabawarka." Muka yi makonni muna haɗawa. Abin da ya fito ba kyan gani, katako ne da wayoyi a waje kamar hanjin kaza, amma yana aiki. Sai dai a tashar ba ya kama komai, ƙarar na'urarmu tana danne shi. A ƙauye kuma duwatsu sun tare kudu. Na yi ta yawo da shi har na sami wani tudu can gefe, da wata bishiya guda a kai. Na jefa doguwar waya a reshenta, na murɗa, na murɗa. Cikin shuuu ɗin nan sai na ji wani yana faɗin farashin gero da Hausa. Wallahi ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Tun daga ranar tudun nan ya zama garinmu, kusan kullum da yamma ina can.

Ana nan sanyi ya fara ja da baya, sai ga Garba, wani abokin karatunmu ɗan Dutsinma da aka tura bakin teku. Ya je gida ta'aziyyar mahaifinsa ya dawo, ya hawo dutsen nan takanas don ya kawo mini saƙo. Ya zube mini kuka da daddawa da yajin Goggo. Muka gaisa, muka sake gaisawa, har Milka ta leƙo ta ga ko faɗa muke. Sannan ya gyara zama yana murmushi.

"Kai Idrisu, innarka fa ta tada ƙura a kasuwar Batsari."

Na ce, "Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Mutanen rediyo ne suka zo ran kasuwa da na'urar ɗaukar magana, masu shirin gaishe gaishen nan. Suka ce duk mai ɗan'uwa a nesa ya zo ya gaishe shi. Hansai ta jawo ta daga cikin masu nono. Ta fara, wai tana gaida yaron Goggo. Mai rediyo ya ce, haba Inna, yaron Goggo ai sun fi dubu a duniya, sai kin faɗi sunansa, in ba haka ba yaya za a yi ya san da shi ake?"

Na ce, "Ai ba za ta faɗa ba."

"Haka kowa ya ce. Hansai ta ce ta daɗe a tsaye, ta ja mayafi ta rufe fuska, matan nono suna ta shewa. Har mutumin zai wuce gaba, ta riƙe masa waya." Garba ya dube ni. "Ta faɗa, Idrisu. Da bakinta."

Na tambaye shi me kuma ta ce bayan sunan. Ya ce shi bai sani ba, Hansai ta ƙi gaya masa, ta ce in ji da kunnena. Za a sa shirin ranar Juma'ar ƙarshen wata da yamma, a maimaita Lahadi da safe.

Ban san yadda zan sa wanda ba namu ba ya gane nauyin wannan ba. Na gwada gaya wa Dakta Zora, ta ce, "Uwarka ba ta taɓa kiran sunanka ba? Me ka yi mata?" Na ce ban yi mata komai ba, so ne ya yi yawa. Ta girgiza kai ta kunna taba. Ni dai na san sau ɗaya ne, ba za a ƙara ba, kuma duk duniya ba abin da nake so kamar in ji yadda sunana yake a bakinta. Zai fito Idrisu ne, ko Idi, ko Idirisa irin na tsofaffi? Na sake batura, na goge kowace mahaɗa ta waya, na canza wayar da ke kan bishiya.

A makon ne rumfar sama ta fara hauka. Fim ɗin da nake wankewa, wanda layinsa ya saba fitowa sumul, sai ya riƙa fitowa a warwatse, amsa biyu, amsa uku, wani lokaci babu amsar sam. Dakta ta daina zuwa gida. Ta bar na'urar tana aiki ba hutu, tana bin fina finan da ido jajur. Ni kuwa, Allah Ya sani, ba ƙasa nake tunani ba. Tambaya guda na yi mata, ko wannan hargitsi zai hana rediyon nesa zuwa. Ta dube ni ta ce, "Zai iya."

Ranar Juma'a tun la'asar ina kan tudu. Lokaci ya yi, na murɗa inda na saba. Shuuu. Na matsa kaɗan, na dawo. Can ƙasa ƙasa na jiyo kiɗan buɗe shirin, kamar daga cikin rijiya. Sai ya nutse. Ya ɗago, na ji rabin sallamar mai gabatarwa, ya sake nutsewa, bai ƙara ɗagowa ba. Na manna kunne da katakon nan har ya yi zafi. Na hau bishiyar na ɗaga wayar da hannuna. Na yi addu'a, na yi magiya, daga baya na ɗaga kai na zazzaga wa sararin sama masifa kamar mahaukaci, na ce duk kwanakin duniya ba ki tashi lalacewa ba sai yau? Rana ta faɗi, lokacin shirin ya wuce. A ƙasar Batsari da Safana duk mai rediyo ya ji innata ta kira ni, ni da aka kira ina zaune a kan dutse ina sauraron iska.

Washegari na sami Dakta a bakin ƙofar tasha, ta zuba wa ƙauyen ido daga sama. Ta tambaye ni ko na ji, na ce a'a. Ta ce ta yi mini baƙin ciki. Sannan ta ce, "Idris, irin wannan hargitsin na gani wancan karon. Sak. Kuma wancan karon ba abin da ya faru."

Na ce, "To, za ki gaya musu?"

"In ce musu me? Ku fita daga gidajenku, wataƙila gobe, wataƙila wata mai zuwa, wataƙila ba za a yi ba har abada? Na aika wa manya a birni, sun ce rana ce take tashin hankalinta, in sha magani in yi barci." Ta murje tabar a dutse. "Kuma mai yiwuwa su ne da gaskiya. Abin da yake kashe ni ke nan."

Ban ba ta shawara ba, don ba ni da ita. Hankalina yana kan maimaicin Lahadi.

Lahadi ita ce ranar hutuna guda, kuma duk ƙauyen an san ni da ita. In na yi sallar asuba nakan koma cikin bargo, ba mai ganina sai rana ta take. Milka ma ta saba, ita take tatsar ranar, tana tafiya a hankali kada ta tashe ni. Ran nan ina sallamewa na saɓi rediyo na fita ta ƙofar baya, ban tashi kowa ba. Da safe muryar gida ba ta cika zuwa da ƙarfi ba ko da rumfar tana lafiya, amma mai nema ba ya fid da rai.

Na kai tudu gari ya waye sosai. Na ɗaura waya, na murɗa. Sai ga ta. Siririya, tana zuwa tana komawa, amma ana ji. Ga hayaniyar kasuwa, ga kukan jaki, har na ji wata tana tallar fura. Wani mutumin Darini yana gaida ƙanensa da ya tafi aikin tashar jiragen ruwa a Ikko, yana jero sunayen duk mutanen gidansu, har da jariri. Na ce a raina, bawan Allah ka taƙaita mana. Ya gama, wani tsoho ya karɓa. Na durƙusa na riƙe akwatin da hannu biyu, na san ana gab da zuwa kan mata.

Ƙarar na fara ji, daga ƙarƙashina, kamar garken shanu ya taso a guje. Sai tudun ya motsa. Ƙasar da na sani tun haihuwata a matsayin abin da ba ya motsi ta zame daga gwiwoyina, ta dawo ta buge ni. Bishiyar ta yi ta kaɗawa, wayar ta fizge rediyon daga hannuna, na gan shi yana gangarawa yana tarwatsewa a kan duwatsu. Na kifa ciki na rungumi ƙasa ina salati, ita kuwa tana ta watsa ni. Da ta lafa na ɗaga kai na duba kwari. Ban ga ƙauyen ba, farar ƙura ce ta tashi ta rufe shi, kuma daga cikinta karnuka suna haushi.

Ban san yadda na sauko ba. Hanyoyi sun cika da duwatsun gini, mutane suna gudu da kayan barci, wata mata tana zaune a tsakiyar titi da cokali a hannu. Na kai gidanmu na tarar rabinsa a tsaye, rabin ya zauna. Ɗakina ne ya zauna. Katakon rufin da bangon dutse duk sun sauka a kan gadon da ya kamata a ce ina ciki. Milka tana wurin awaki abin ya faru, shi ya tsirar da ita. Na same ta a kan tarin duwatsun, tana tono da yatsun nan nata masu ciwo, jini yana zuba, tana ƙwala kira, "Idris! Idris!"

Na tsaya a bayanta. Na fito neman sunana a bakin wata tsohuwa, ga shi ina jinsa a bakin wata. Da ƙyar na ce, "Ga ni." Ta juyo, ta dube ni, ta sauko ta kwaɗa mini mari mai kyau, sannan ta rungume ni tana kuka. Daga nan muka shiga tono tare da sauran mutane. Mun fito da masu rai, mun fito da waɗanda kwanansu ya ƙare, ciki har da yaron nan da ya taɓa shafa hannuna.

Dakta Zora ta sauko ta yi ta ɗaukar duwatsu tare da mu. Sai bayan kwanaki, muna zaune a bakin tantin da aka kafa mana, ta ce mini, "Na gani, ban faɗa ba." Na ce ai ba ta sani ba. Ta ce, "Har yanzu ma ban sani ba. An duba, rana ta yi tashin hankali a makon. Wataƙila ita ce, girgizar kuma ta zo don kanta." Har na baro ƙasar tana auna rumfarta. Ina jin yanzu masu ilmi da taurarin ɗan'adam suna bin wannan zance, wasu sun yarda, wasu suna musu. Duk sa'ad da na ji ana maganar, ita nake tunawa a bakin ƙofar nan tana kallon ƙauyen.

Da na gama na dawo gida, kafin in isa Babban Duhu na biya gidan rediyon na nemi faifan shirin. Wani ma'aikaci ya ce ai tuni an ɗauki wani abu a kansa, faifai tsada gare shi. Na biyo ta Batsari ran kasuwa, matan nono suka hango ni suka ɗauki shewa, "Ga Idrisun rediyo! Ga wanda ya sa uwa tai ta kashe kunya!" Kowa ya ji. Mai shayi ya ji, direban motarmu ya ji, har ya so ya kwaikwaya mini yadda ta faɗa, na ce ya rufa mini asiri ya bari. Ba a bakinsa nake son ji ba.

Na shiga gida da sallama. Inna tana tsakar gida, ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Tana ganina ta juya baya, ta ce, "Hansai, ba baƙo ruwa."

Sai da 'yan barka da zuwa suka watse, bayan kwana biyu, na sami wuri. Da la'asar ne, tana zaune a gindin rumbu tana wanke ƙoren nono. Na zauna nesa kaɗan na ba Hansai labari, da ƙarfi, yadda muka saba. Na faɗi tudun da bishiyar, da Juma'ar da sama ta haɗiye shirin, da Lahadin da na bar gadona na fita don in ji maimaici, da abin da ya sauka a kan gadon. Hansai ta yi ta salati. Inna ba ta ɗago ba, amma hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar.

Na ce, "Hansai, ki gaya wa Inna, duk ƙasar nan an ji, ni kaɗai ne ban ji ba. Har yau ban ji ba."

Na faɗa ne ina fata, ba zan ɓoye ba. Hansai ta juya za ta maimaita, Inna ta ɗaga mata hannu. Na zaci shi ke nan. Sannan ta yi magana, idonta a kan ƙwarya.

"Ke Hansai, hwaɗa mashi. Na yi kira, ya kuwa hito. Mi kuma ake biɗa ga kira?"

Ta ci gaba da wankinta. Ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, ta ga 'ya'yana, kuma har ta koma ga Allah yaron Goggo take ce mini.